Ƙundun Baba

Kafanchan

Anti Tamar,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Kujama, yaya ƙafa, yaya Baba? Da kin yarda an saya miki babban waya da na huta da biro, hannuna ya saba da gilashi.

Na samu aiki a sabon gidan abinci kusa da tasha, wajen Madam Peculiar. Ina gaba, ina miƙa wa mutane leda da murmushi. Anti, akwai wani abu da muke sayarwa, sunansa naget. Kaza ne amma ba ƙashi ko ɗaya. Waje ƙaras-ƙaras, ciki laushi kamar ƙosai. Na sa hotonsa a waya, mutane sai tambaya suke.

Ina ci na tuna Baba. Tun da haƙoransa suka zube, romo kawai yake sha yana kallonmu muna tauna. Bikin godiya na bara har nama ya ɓoye a aljihu don kar a ce bai ci ba, ni na wanke rigar. Na ba Celestine direba kula guda ya kawo masa. Abeg ki ɗumama masa da kanki.

Taki,
Afiniki

Kujama

Afiniki 'yata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Saƙo ya iso. Yayana ya ci, ya siɗe hannu, ya tambaya ko akwai saura. Rabon da in ga bakinsa yana motsi haka tun mamanki na da rai.

Amma da ya gama sai ya dube ni, ya ce ina ƙundu. Kin san gidanmu. Ba a yanka kaza a ci ba tare da an ajiye wa maigida ƙundu ba. Na ce masa yana hanya. Ni ma ina da tambaya. Na juya abin nan, ban ga cinya ba, ban ga fiffike ba. Wane gefen kaza ne? Ki bincika ki faɗa mini, kuma ki aiko da ƙundun.

Ki riƙa zuwa sujada.
Tamar

Kafanchan

Anti,

Ina gaisuwa, amma ba lafiya. Da ban tambaya ba.

Na roƙi Simon mai kicin ya nuna mini. Ya yi dariya, wai in na gani kar in zage shi. Anti, in sun yanka kajin agirik, cinya da ƙirji na masu shinkafa ne. Abin da ya rage ake tarawa a babban roba. Fata, kitse, jijiya, guringuntsi, da ɗan naman da suka kankare a jikin ƙashi da cokali. Har gindin kaza na gani da idona, wanda ko karenmu Bingo sai ya yi tunani kafin ya ɗauka. Sai su zuba a injin markaɗe. Abin da ke fitowa, Anti, kamar kunun da ya kwana, ja-ja, yana yauƙi, yana bin hannu. A zuba ruwa, fulawa, gishiri, magi mai yawa don ya danne ƙarni. Simon ya murza ya yanka da murfin kwalba. Na fita bayan shago na yi amai har sai da wani mai keke ya ce sannu da ciki.

Na shiga waya in ga ko mu kaɗai ne. Bidiyo na kalla har data na ya ƙare. Wasu kamfani suna cewa nasu naman ƙirji ne, wasu mutane suna gardama. Ni dai na san abin da ke robanmu.

Ƙundu kuwa, tun safe ake tsire shi a tsinke a sayar wa masu shan giya. Wani ƙato da ban san ubansa ba ya ci rabon Babana.

Yanzu Baba ya kira ni da wayar maƙwabci, wai yaushe zan ƙara aiko masa naman masu hankali. Na ce netwok ba kyau, na kashe. In na faɗa masa, ya koma romo. In na yi shiru, ina ciyar da ubana abin da ni ba zan ƙara taɓawa ba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Afiniki

Kujama

Afiniki,

Salama. Na karanta, na ajiye tuwona ban ƙarasa ba.

Ba za ki gaya masa komai ba. Ki zo ranar Asabar. Zan yanka jan zakarana. Ke kin ga yadda ake yi, ni ina da turmi. Za mu daka ƙirji zalla, mu soya da man gyaɗa mai kyau. Ƙundun zan yayyanka ƙanana in dafa ya yi lugub, in sa masa a kwanonsa daban, kamar yadda mamanki take yi. Ki zo da fulawa. Kar ki zo da murfin kwalba.

Tamar

Kafanchan

Anti,

Na iso lafiya, kafaɗana har yanzu ciwon taɓarya yake. Na gode. Yadda Baba ya riƙe kwanon ƙundun da hannu biyu yana sa albarka, ba zan manta ba.

Amma akwai abin da ba ki ji ba, kina wanke turmi. Ya kira ni gefe, ya ce ƙanwarsa ta yi ƙoƙari, kar in ɓata mata rai, amma naget ɗinta ya yi tauri, yana maƙale masa a dasashi. "Na Kafanchan ɗin nan nake so, Afiniki. Shi ne ke narkewa."

Celestine zai kawo kulan naget ɗin shagonmu gobe. Ban leƙa ciki ba. Ƙundu biyu na ɗaure a leda daban, na riga masu giya zuwa.

Ki ɗumama masa.
Afiniki