Ɗorawoyin Gwaggo a Hoton Sama

Dutsin-Ma, 14 ga Janairu, 1985

Ƙanena Ya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikin naka na leƙen ƙasa daga sama. Mu nan ƙalau, sai ɗalibai da ba sa jin magana.

Na je gida Kurfi ranar Juma'a na tarar da rigima. Ka san ɗorawoyin bakin ƙorama. Kakanmu ya bar wa Gwaggo itatuwan ita kaɗai, gonar kuma ta zama ta Baba, yanzu tana hannun Yaya Sa'idu. To Yaya ya samo injin ban-ruwa zai yi lambun albasa, ya ce inuwarsu ta tare masa bakin ruwa, sare su zai yi. Ban ga laifinsa duka ba, fari ya bar masa rumbu wayam, ga iyali. Amma Gwaggo ba ɗa ba jika, kalwar itatuwan nan ce daddawarta, ita ce cinta da suturarta. Ko ƙwalla ba ta yi ba, ta dai daina cin tuwon gidansa. Abin ya tsaya mini a rai.

Za a kai maganar gaban mai unguwa. Kai da ka ce tauraron ɗan'adam yana ɗauko muku hoton kowane rafi, yana hango ɗorawa kuwa, ko sai manyan gidajen Kaduna?

Ka gai da matarka Rekiya. Ni ce yayarka,
Lauratu

Kaduna, 25 ga Janairu, 1985

Zuwa ga Yaya Lauratu,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da girmamawa. Takardarki ta iso, kuma na fahimci abin da ta ƙunsa.

Aikina shi ne bin diddigin rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Kurfi da Dutsin-Ma. Na jera hotunan rani tun daga 1973 zuwa na bara a kan tebur. A na farko, itatuwa sun bi ƙoramarmu tun daga gindin dutse har ƙasa. Kowace shekara layin yana tsinkewa. Duk inda aka sare, gaɓa ta zube, yashi ya cike rafin, ruwa ya daina kwanciya. A na bara, wurin Gwaggo kaɗai ya rage, kuma nan ne kaɗai damshi ke kaiwa har bazara. Idan Yaya ya sare su, ruwan da zai ja da injin shi ne zai fara tafiya.

Ga hoton nan na haɗo. A lura: na'urar ba ta ba da launi irin na ido. Ɗanyen ganye ja yake fitowa, yashi kuma fari. Jan ɗigon da na kewaye da biro shi ne ɗorawoyin.

Na tabbata wannan hujja ta isa. A miƙa gaisuwata ga Gwaggo.

Naki mai biyayya,
Ya'u

Dutsin-Ma, 6 ga Fabrairu, 1985

Malam Ya'u mai hujja,

Sallama da gaisuwa. Hotonka ya iso, ya kuma yi aiki, sai dai ba irin wanda ka aiko shi ba.

Ka manta yadda ake zaman magana a gidanmu. Maza suka taru a zaure da mai unguwa, ni da Gwaggo muna cikin gida. Hoto ya fita, ni ban fita ba. Kafin a karɓe shi na ja Yaya gefe na ce masa jan nan ganye ne. Ya dube ni ya ce, "Ke Lauratu, duk bokonki, ina kika taɓa ganin jan ganye?"

Ta bayan ƙyaure nake jin su. Aka yi ta miƙa hoton hannu zuwa hannu. Wani dattijo ya ce, "Wanga ja ai jangargari ne, jar ƙasa, ko ciyawa ba ta fita gare shi." Wani ya ce farin kuwa jigawa ce mai kyau, ta gero. Kafin a sha fura an gama magana: saiwar icce ce ta tsotse ƙasar ta bar ta ja, har gwamnati ta gani daga sama ta kewaye wurin. Mai unguwa ya ce a ba Gwaggo haƙuri, Sa'idu ya riƙa ba ta hatsi.

Na ji haushinka, na ji haushin kaina. Da na ɗaga murya daga ciki, da an ce na yi wa yayana rashin kunya a gaban mutane, kuma da ba a saurare ni ba. Ko Yaya ya yarda da abin da suka ce har cikin ransa, ban sani ba. Bai yarda mun haɗa ido ba har na tafi.

Yayarka,
Lauratu

Kaduna, 15 ga Fabrairu, 1985

Yaya Lauratu,

Gaisuwa mai yawa. Raina ya ɓaci matuƙa. Na rubuta wa Yaya Sa'idu bayani dalla-dalla, da sa hannun shugaban sashenmu da hatimi. A roƙe shi ya dakata har takardar ta isa. Aiki ya yi mini yawa a ofis, amma ina ganin da hutun Ista zan samu sarari.

Naki,
Ya'u

Kurfi, 24 ga Fabrairu, 1985

Ya'u,

Sallama. Takardarka mai hatimi ta iso, Yaya ya sa ta a aljihu. Ya ce ƙaninsa ba zai yi masa magana ta gidan waya ba, in yana da ta cewa ya san hanyar gida.

Masu gatari sun zo ranar Litinin, suka kayar da na can sama guda biyu. Washegari da suka dawo suka tarar da Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a gindin babbar, da butarta da carbi. Suka gaishe ta suka ce, "Gwaggo, a ɗan gusa." Ta ce, "Ni ba ni tashi. Ku yi aikinku, ban hana ku ba." Wa zai ɗaga gatari tsohuwa na zaune a ƙasa? Suka yi tsaye-tsaye suka tafi. Yaya kuma ba zai iya ta da ƙanwar ubansa da hannunsa ba.

Tun ranar, kullum da safe tana can har magariba. Ba ta faɗa da kowa, har ruwa take ba masu gatarin in sun leƙo. Amma tafiyar da nisa, ƙafafunta sun kumbura, jiya sai da na riƙo ta muka dawo. Ni kuma gobe dole in koma makaranta. Su jira suke ranar da za ta kasa fitowa, kuma ina tsoron ranar ba ta da nisa.

Lauratu

Kaduna, 28 ga Fabrairu, 1985

Yaya,

Sallama. Na ɗauki hutu, ina tafe a motar Juma'a. Zan zauna da Yaya Sa'idu a zaure in yi magana da bakina. Ki aika wa Gwaggo ta huta a gida ranar Asabar, ta dai ba ni aron tabarmar. Ni zan zauna a gindin ɗorawar.

Ƙanenki,
Ya'u