Rijiyar Baba da Sabuwar Shadda

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya Anti Rabi da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Likoro sai godiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Tun farkon damina gudawa ta ƙi barin yarana, musamman Ummi. Makon jiya wata injiniya daga jami'a, wadda kwanaki ta ɗebi ruwan rijiyoyin unguwarmu a kwalabe, ta dawo da sakamako. Ta taka daga bakin rijiyarmu zuwa sabuwar shaddar da ka sa aka gina wa Inna, ta girgiza kai. Ta ce, "Hajiya, ramin ya yi kusa. Ruwansa yana tsattsafowa cikin rijiyar ta ƙarƙashin ƙasa. Ku daina sha."

Inna ta ce, "Rijiyar da marigayi maigidana ya haƙa da hannunsa?"

Da matar ta tafi, Inna ta riƙe hannuna ta ce kada in gaya maka, wai za ka ɗora wa kanka laifi. Na kasa yin shiru, Yaya. Yanzu tafasa ruwan nake yi, amma ita ɗanyen take sha a ɓoye. Dole a rufe ɗaya, ko shaddar ko rijiyar, kuma maganarka kaɗai take ji. Don Allah ka kira ta, ka lallaɓa ta.

Ka sa Ummi a addu'a, ta rame har awarwaronta yana zamewa. Ka gai da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Hajara