Irin Accar Mama Yana Jiran Ku Buɗe Ƙofa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke haƙar kuza a bayan dutsen ƙauyenmu,

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka, da fatan ka sauka lafiya. Na ji ka shigo Washington neman masu zuba jari. To, barka da zuwa. Sunana Rifkatu, nas ce ni a wani gidan kula da tsofaffi, ina zaune a Landover, nan kusa da inda kuke taronku. Na rubuta wa ofishinku na gida har na gaji, ko tari ba a yi mini ba, shi ya sa na fito fili. Maganar mahaifiyata ce.

Na ɗaya: ba kuɗi nake nema ba. An biya diyya, dagaci ya sa hannu, duk na sani. Masu awonku sun ƙirga ɗakuna da itatuwa, amma ba wanda ya tambaye mu zancen 'yar gonar da ke jikin kaburburan kakanninmu. A gidanmu akwai irin acca da uwar miji ke danƙa wa matar ɗanta. Mama daga hannun kakata ta karɓa. Da ruwan fari, a wannan gona ake fara watsa shi, a yi addu'a ana kiran sunayen waɗanda suka riga mu, kafin kowa ya taɓa gonarsa. Daga abin da aka girba a nan ake ɗebe irin baɗi. Yau gonar da kabarin Baba duk suna cikin shingen wayarku.

Na biyu: da aka tashi mutanen ƙauyenmu, na ɗauko Mama na kawo ta nan. Ashe ta ƙulle ɗan irin a bakin zani ba ta gaya wa kowa ba. A filin jirgi aka tambaye ta ko ta riƙo iri. Mama ba ta iya ƙarya ba. Ta kwance ƙullin ta nuna musu har da murmushi, wai su ga abin gadon gidanmu. Suka karɓe. Dokar ƙasarsu ce, ban ga laifinsu ba. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya tsorata ni.

Na uku: matar da ke cika gida da tsiya da dariya, yanzu tana wuni a bakin taga. Tuwo ba ya wuce loma biyu. 'Yata na jin Hausa amma da Turanci take amsa mata. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba da ƙwayoyi, ya nemo tafinta ta waya. Da aka tambaye ta ina ke mata ciwo, cewa ta yi ita ai ba ta zo ba, an rufe da ita a cikin shingen wayarku. Wata rana na dawo daga aiki bayan an ɗauke ruwa, na tarar da ita a durƙushe kan ciyawar ƙofar gidan hayarmu, tana tonon ƙasa da cokali, tana watsa iri da hannun da babu komai a ciki. Masu gidan suka aiko mini da gargaɗi. Ranka ya daɗe, kullum ina lallashin iyayen wasu su ci abinci, tawa ta gagare ni. Abin nan yana ci mini rai, Allah ya sani.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Je ka sabuwar unguwar da kuka gina wa mutanenmu ka ga tsofaffin da suka yi shekaru da fartanya a kafaɗa suna zaune jugum, wasu sun koma wa kwalba. Takardunku ba su da gurbin wannan.

Na huɗu: sauran irin yana cikin gora a hannun Baba Bitrus, ƙanen mahaifina. Bara ya je da shi, masu gadinku suka kore shi. Irin ya riga ya tsallake damina ɗaya, kuma manya sun ce ba lalle ya jure ta biyu ba.

Roƙona kaɗan ne. Ku buɗe wa Baba Bitrus ƙofa ya watsa irin nan bana. Ku janye wayarku daga gonar da kaburburan, katafilarku ba za ta mutu da yunwa ba. In da hali, ka zo Landover ka zauna da Mama, ba sai ka ce komai ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka iyali, ya sa kada a raba ka da inda iyayenka suke kwance.

Kowace safiya Mama tana tambayata ko an yi ruwa a gida, ni kuma ina ce mata tukuna. Jiya Baba Bitrus ya kira ya ce an yi, ƙasa ta jiƙu sharaf. Gobe za ta sake tambaya. Ka gaya mini abin da zan ce mata.

Wassalam. Na bar ka da wannan,
Rifkatu, Landover.