Igiya a Kan Burtali

Laraba da dare, Dutse

Yau na kai manyan ma'aikata bakin dam su ga filin da zan gina musu gidaje. Tunda Dutse ta zama babban birnin jiha, kowa so yake ya buɗe taga ya ga ruwa. Ina cikin nuna musu fegi sai ga Baffa da shanu, ya tarar igiyarmu ta tare burtalin da suke bi zuwa mashaya.

Ban durƙusa ba, ko takalmi ban cire ba. A tsaye na ce, "Malam, a zagaya da su." Wan mahaifina na kira Malam, don kada baƙi su gane.

Bai yi faɗa ba. Ya nuna wata fara da sanda, ya ce, "Ɗan kwangila, waccan jikar saniyar sunanka ce. Gaya mata da kanka."

Baƙin suka yi dariya, ni ma na taya su.

Kullum ina bugun ƙirji cewa ba wanda ya ɗaga ni. Alhali maraƙin saniyar da Baffa ya ba ni ranar sunana na sayar na fara kasuwancin siminti.

Gobe za a fara haƙa tushe. Zan riga leburori zuwa in kwance igiyar, ko da fuloti guda zai tafi. Amma Baffa ya riga ya gan ni a tsaye, da takalmi.