Ƙorafi Kan Gurbin Ranar Haihuwa Da Ya Mai Da Tsofaffinmu Jarirai

Zuwa ga:
Mai Girma Sakataren Gudanarwa na Asibiti,
Ofishin Gudanarwa, Hawa na Biyu.

Daga:
Mai Kula da Ɗakin Kati,
Sashen Rajistar Marasa Lafiya.

Alhamis, 13 ga Maris.

Game da: Takardar tuhumar da aka ba ni, da sabon gurbin da aka ƙara a manhajar rajista

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na karɓi takardarka ta Talata, 11 ga wata, wadda ta ce ni na ɓata bayanan marasa lafiya 11,400, kuma za a dakatar da ni daga aiki ranar Litinin, 17 ga wata. Shekarata ashirin da biyu a ɗakin nan, ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba ni ba. Ina neman izini in jera yadda abin ya faru.

1. Gaskiya ne ni na roƙi a ƙara gurbin ranar haihuwa, domin manhajar shekaru kawai take ɗauka, wanda aka rubuta wa arba'in yana nan a arba'in har abada. Ranar Litinin, 3 ga wata, injiniyan da ofishinka ya ɗauko, wanda ma'aikata ke kira Minti-Biyu saboda iyakar lokacin da yake yanka wa kowane aiki ke nan, ya ƙara gurbin ya tafi.

2. Washegari duk katin da na buɗe sai wani shafi rawaya ya fito cike da Turanci, layinsa na farko yana cewa babu wannan gurbi a rumbun bayanai. Injiniya ya ce in kashe kwamfuta in kunna. Na yi sau tara. Ya ce sabis ne. Daga baya ya ce kwamfutar ce ta tsufa, yana faɗa yana kallona. Har tasa kwamfutar ya kawo ya nuna mini komai yana tafiya sumul a cikinta. Na taya shi murnar lafiyar kwamfutarsa, sai dai ba ita ce ke da layin mutane har bakin ƙofa ba. Sai ranar Laraba, 5 ga wata, ya tuna cewa a tasa kaɗai ya buɗe gurbin, bai ba babbar na'urar asibiti umarnin buɗe nata ba.

3. Da ya ba da umarnin, a gabana na'urar ta tambaye shi me za a rubuta wa tsofaffin marasa lafiya, tunda ya tsara cewa ba a barin gurbin ba komai. Ita na'urar ta yi hankalin tambaya. Shi bai tambaye ni ba, alhali ina tsaye a kansa. Ya danna kwanan watan ranar. Sannan ya goge tsohon gurbin shekaru, wai maimaici ne.

4. Tun daga nan, Yallaɓai, kowane mara lafiya da muke da shi an haife shi ranar 5 ga Maris ɗin bana. Allah Ya raya mana su. Manhajar ta koma tura kowa layin rigakafin jarirai. Wani dattijo mai sanda da ke zuwa duba hawan jini ya karɓi takardar awon nauyi, ya nemi sanin ko shi zai hau sikelin da kansa ko ɗora shi za a yi. A baranda abin dariya ne. A ɗakin magani ba a yi dariya ba, domin awon maganin jariri sabon haihuwa manhajar take fitar wa kowa, kuma ba don mai ba da magani tana duban fuskar mutum kafin ta dubi takarda ba, da yanzu wata wasiƙar ake rubutawa.

5. Ranar Juma'a, 7 ga wata, injiniya ya dawo gyara, ya manta kalmar sirrinsa, ya karɓi tawa da sunan umarninka ne. Wannan laifin na amsa shi. Da sunana ya yi ta taɓe-taɓensa har azahar, shi ya sa rajistar na'ura ke nuna ni. Da na ce a dawo da kwafin ajiya, sai aka tarar ya ɗauki kwafin ne bayan ɓarnar, ya ɗora shi a kan na da.

6. Ban ga sunansa a kowace takardar tuhuma ba. An bar jaki ana dukan taiki. Ban ce don ƙanin maiɗakinka ne ba, kuma duk lokacin da ake faɗar haka a baranda nakan wuce abina.

Saboda haka ina roƙon a janye takardar, a cire ta daga fayil ɗina. Raina ya ɓaci matuƙa, Yallaɓai, ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ina kuma roƙon a nemo wani masani dabam ya duba aikin.

Roƙona na ƙarshe ya fi waɗannan. Bisa shawarar injiniyan cewa komai ya koma kwamfuta, ofishinka ya amince a ƙone tsofaffin katunan takarda ranar Litinin ɗin nan, 17 ga wata. Yau babu inda ainihin shekarun mutanen nan suka rage sai a cikinsu. Idan dole sai an yi ɗaya ranar, a dakatar da ni, a bar katunan. Suna jere bisa lamba a kanta ta ɗaya zuwa ta tara, duk wanda ya gaje ni ba zai sha wuya ba.

Ina mai biyayya, Allah Ya ƙara girma.

Sa hannu:
Mai Kula da Ɗakin Kati.