Man Shanu a Abincin Mama

Baba,

Na wuce aiki, ban samu jiranka ba. Mama tana barci, kada a tashe ta.

Bayan fitarka ciwon tsakuwar maɗaciyar nan ya taso mata. Na same ta durƙushe a bakin gado, ta dafe haƙarƙarin dama, zufa ta jiƙe ɗankwalinta. Na ba ta maganinta, na gasa mata wurin har ya lafa. Tana samun kanta sai tsiya, wai ita da ke dambe da ciwon daji, 'yar tsakuwa ce za ta kayar da ita?

Ashe ta san kana zuba mata man shanu a ɓoye don ta yi kumari. Ta ce tun da maganin ciwon dajin ya ramar da ita, ba ta ganin dariyarka sai ta cinye kwanonta tas, shi ya sa take daurewa.

Don Allah ka daina, maiƙon ne ke tayar da ciwon. Na bar mata dafaffen kifi a kicin. Kada ka nuna na faɗa maka. In ta cinye, ka yi mata dariyar nan dai.

'Yarka