Allurar Shanu Ta Kai Ga Saiwar Wakena

Zuwa ga aminina Hardo Sambo, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, ka yi haƙuri, yau da fushi na zo maka.

Kowace kaka, in na kwashe gero, kakan sauke shanunka a gonata da ke kan hanyar garin Isa. Su ci kara, su bar min taki, mu sha fura muna gardamar wa ya fi cin riba. Kullum kakan ce, "Malam Isiya, kashin saniyata ya fi wa'azinka amfani."

Ɗanka Bello bai yar da al'adar ba. Wake ne ya yar da ni. Ganye ya yi rawaya, ya tsaya kamar wanda anka yi ma baki.

Jikata Hadiza, mai nazarin ƙasar noma a jami'a, ta tono saiwa ta nuna min. Ƙululun nan da ke manne da saiwar wake, ashe gidan wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne masu ciyar da shuka. Inda shanu sunka kwana, da ƙyar ta samu ƙululun. Ta ce bincikenta bai ƙare ba, amma tana zargin allurar da ake dirka ma shanu. Ba duka jiki ke cinyewa ba, saura ya bi fitsari da kashi, ya shiga ƙasa shina ta kisa.

Na iske mai sayar da kwalaben allurar a kasuwa, ya baje su cikin rana, mutumin da bai taɓa buɗe bakin saniya ba. Saniya ta yi tari, allura. Ta rame da rani, allura. Na ce mishi maganinsa na kashe ƙwayoyin ƙasa. Wai ai ƙwayoyin cuta ne, in gode mishi, ya yi ma gonata magani!

Ka ji fa, Sambo. Suna guda munka ba mai kisa da mai ciyarwa, shi kuwa da sunan yake cin tuwo. Allah ya so shi, na ɗaga sanda anka riƙe min ita.

Bello ya aiko, shina tafe bayan girbi. Ban ga laifinsa ba. Tsoron asara ne ke sa shi allurar, ga likitan dabbobi ya yi nisa tun da hanya ta zama abin tsoro. Amma bana ba za ni bari ya sauka ba. Gobe za ni wurinsa Burkusuma in faɗa mishi da bakina, kada ɗanka ya ji ta a bakin gona, shanu tsaye a bayansa.

Allah ya haskaka kabarinka, abokina. Allah ya sa yaron ya fahimce ni, ko ba bana ba.

Naka har ranar haɗuwa,
Isiya na Sabon Birni.